Auta da Akwati Mai Fitilu

Tun da Yaya ya tafi karatu wani gari mai nisa, gida ya yi wa Auta faɗi. Da shi take wasan tseren mota a kwamfutarsa, ga shi ya tafi da abarsa. In ta dawo daga makaranta, sai ta leƙa ɗakinsa, ta tsaya tana kallon teburin wayam.

Ran nan ya kira waya ya ce, “Auta, da kuna da kwamfuta, da mun riƙa tsere, ina nan kina can.”

Daga ranar ba ta da wata magana sai wannan.

Baba ya ce, “Sabuwa ta fi ƙarfinmu. Amma Kawunki mai gyaran kwamfuta zai sayo kaya ya haɗa mana. Mamanki za ta riƙa zana ɗinkunanta a kai, ke kuma ki yi wasa. Ki bi shi ku zaɓo. Kuɗin fa ba yawa.”

A shago Kawu ya ɗago wani abu siriri. “Wannan shi ne ram. Shi ke sa kwamfuta ta riƙe aiki da yawa ba ta cije ba. Wancan kuma katin hoto ne, shi zai sa motocinki gudu sumul.”

Ina! Hankalin Auta yana kan wani akwatin kwamfuta na gilashi, mai fitilu ja da shuɗi.

“Kawu, wannan nake so. Yaya zai ga kyansa.”

“In mun ɗauke shi, sai mun rage ram, mun haƙura da katin hoto.”

Ta turo baki, idanu suka kawo ruwa. Kawu ya girgiza kai ya ce, “To, ke aka ba zaɓi.”

Kawu ya haɗa kwamfutar, ranar Asabar aka kunna. Ɗaki ya ɗauki haske gwanin sha’awa. Ga muryar Yaya a waya: “Kin shirya? Mu je!”

Motar Yaya ta wuce fuu. Ta Auta kuwa ta yi tsalle kamar kwaɗo, ta tsaya cak. Suka sake, haka dai.

“Ba komai, Auta,” in ji Yaya a hankali. “Lokacin karatuna ya yi. Sai wani jiƙon.”

Mama ma da ta buɗe zanenta, kwamfutar ta cije, aikin ya ɓace. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ɗauko fensir da takarda ta fara daga farko. Wannan ya fi komai yi wa Auta ciwo.

Ta je wurin Kawu, kanta a ƙasa. “Kawu, ka yi haƙuri. Ban saurare ka ba.”

Ya yi dariya. “Sa’arki ɗaya, ban yar da kwalin akwatin ba, kuma mai shagon mutumina ne.”

Suka mayar da akwatin gilashi, suka karɓo wani baƙi marar ado. Da abin da ya ragu suka ƙaro ram, suka sami katin hoto na hannu mai lafiya.

Asabar ta zagayo. Wannan karon motar Auta ta sha gaban ta Yaya a kwana ta ƙarshe.

“Kai! Wa ya koya miki?” Yaya ya yi ihu.

“Kai mana!” ta ce, tana dariya har da hawaye.

Tun daga nan Auta ta gane: in kuɗi kaɗan ne, amfanin abu ake fara dubawa, ba ƙyallinsa ba. Kuma in wanda ya san aiki ya ba ka shawara, ka saurara.