Layin La'asar Ɗin Alhamis

Mohaman Bello ya shekara ashirin yana raba wa gidajen lungunsu a Briqueterie layin ɗiban ruwa a foraj, wato famfon burtsatse, da biro da tsohon littafi. Da idonsa ya yi rauni, sai aka miƙa aikin ga Nuriyya, wadda ke rubuta manhajar kwamfuta da PHP a wani ɗan ofis a Messa.

Ba ta ɗauke shi babban aiki ba. Ta zuba sunayen gidaje a ma'ajiyar bayanai, ta rubuta procédure, wato umarnin da ke zaune cikin ma'ajiyar kanta: da shafin PHP ya kira shi, sai ya raba lokuta, ya tura wa kowane gida saƙo a waya. Tana kwafar littafin ta ga gurbi ɗaya babu suna, kowace Alhamis, daga sakaliya zuwa magariba, shekara da shekaru. Ta ɗauka mantuwar tsufa ce. Ta ƙara layi guda: duk gurbin da ba kowa, a ba gidan da ke biye.

Ranar Alhamis ta biya ta gaida Mohaman, ta nuna masa a waya.

"Baba, ko minti ɗaya ba ya tafiya a banza yanzu."

Ya kai wayar dab da ido. "Na yammacin yau fa?"

"Na cike shi."

"Da masu shi, 'yata. Tun ana dafa bulo a nan suke sha a wurin. Wa kika ba?"

Ta duba. Gidansu ne. Ƙanwarta Fatimatuzzahra ce mai ɗibo, da cikin wata takwas.

Nuriyya ta kira wayarta. Tana shiga, ba a ɗauka.

Ta bi lungu da gudu. Hayaƙin masu soya, ƙarar mashin, rediyon tela, duk suka yanke a kwanar foraj kamar an rufe ƙofa. Wurin yana warin jan laka da aka toya.

Fatimatuzzahra na tsaye, hannunta a kan famfo. Ruwa na zuba a bokiti, amma ba a jin ƙararsa, bokitin kuma ba ya cika.

"Zahra, taho."

"Adda," ta ce a hankali, ba ta juyo ba, "hannuna ya ƙi tashi. Akwai mutane a bayana."

Babu kowa. Sai sawu a jiƙaƙƙiyar ƙasa, a jere, dogaye, ba takalmi. Na gaba ya matsa taku ɗaya.

Nuriyya ta fara Ayatul Kursiyyu.

Wani numfashi mai zafi ya sauka a kunnenta.

"Wa ya ba da layinmu?"

Cikin ƙanwarta ya motsa ƙarƙashin zane, da ƙarfi, kamar an dafa shi daga waje.

"Ni ce. Ita saƙo kawai ta gani. Ni na rubuta."



Hannun Zahra ya saki famfon. Ruwan ya tsaya. Ta ja ƙanwarta, suka bar bokitin, ba su waiwaya ba har ladan ya ɗaga murya.

Bayan ta idar da sallah ta goge layin da ta ƙara, ta rubuta sharaɗi cikin procédure ɗin: yammacin Alhamis ba a ba kowa. Fatimatuzzahra ta sauka lafiya, ta haifi mace, alhamdulillahi.

Amma tun daga ranar, duk famfon da Nuriyya ta murɗa a unguwar, sai ya yi tari ya bushe. Ta gwada na gida, ta gwada na masallaci. In lokacin sallah ya yi, sai ta tsaya gefe da buta, ta jira wani ya buɗe mata.