Wanda Aka Fasa Jiya

Mataimakiyar Farfesa ce a ɗakin binciken jami'a, aikinta fasa ƙwan kaji tana duba yadda ɗan tsako ke samuwa tun yana ɗigon jini. Ranar nan injin ɗumama ƙwai ya yi ta gardama, dole ta kwana wurin kada aikin wata uku ya lalace. Zama ya gagare ta, ta duba zafi, ta dawo, ta sake tashi.

Tana leƙen madubin ƙara girma tana ƙirga bugun wata 'yar zuciya, sai ta ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wata mata ce tsaye bayanta da zanen goyo, babu ɗa a ciki.

"Sannu da aiki, 'yata. Wanda kika fasa jiya nawa ne."

"Inna, ai duk na kaji ne. Wa ya buɗe miki ƙofa?"

Sai matar ta fara waƙar rarrashi ƙasa-ƙasa. Nan take ƙwayayen cikin injin suka soma ƙwanƙwasa, alhali kwanansu huɗu kacal. Mataimakiyar ta sunkuyar da kai kada su haɗa ido, sai ta ga ƙafafun matar: yatsu uku a gaba, ɗaya a baya.