Hoton Da Sabitu Ya Tura

Ranar da Sabitu ya fara ganin Saudatu ido da ido, jini ne ke zuba daga goshinsa, ita kuma tana danne ciwon da mayafinta tana kuka tana zaginsa.

Da safiyar ranar ya tura hoton wani mai keke ɗauke da yara a guruf ɗin waya na 'yan unguwar Gwallaga, ya rubuta: "Ga ɓarawon yaran da ake nema!"

Saudatu, wadda bai san ta ba a lokacin, ta amsa: "Malam, wannan yayana ne, Babayo. Yaran nan makaranta yake kai su kullum. Ka goge."

"Ke me kika sani? Kowa ya ga hoton," ya mayar mata. Sai da mahaifiyar ɗaya daga cikin yaran ta sa baki ta gaskata Saudatu, sannan ya yarda. Ya goge, amma hoton ya riga ya zaga gari.

Kafin azahar matasa suka tare Babayo a bakin titi, suka kifar da kekensa, suka rufe shi da gora da duwatsu. Wani har ya ɗauko taya da fetur. Sabitu ya kutsa ya kwanta a kansa yana ihu, "Ƙarya ce! Ni na tura!" Dutse ya fasa masa goshi, gora ta karya masa hannu, kafin dattawan masallaci su tarwatsa su.

A asibiti gadonsa na kusa da na Babayo. Saudatu na kawo wa yayanta abinci, ko kallon Sabitu ba ta yi. Da aka sallame shi ya tura mata: "Kin gyara min, na ƙi ji. Ki yafe min."

"Allah ya yafe mana. Ya hannun, sarkin gardama?"

"Ya warke tunda kin tambaya, Malamata."

Soyayya ta kama su, amma mahaifinta Malam Jalo ya ce sam. "Wanda ya kusa sa a ƙone min ɗa? Kada ya sake tako min ƙofa!"

Babayo ne ya ɗingiso ya durƙusa gabansa. "Baba, mutane da yawa sun watsa hoton nan, shi kaɗai ya zo ya sha duka tare da ni."

Tsohon ya dubi ɗansa, sannan ya ce Sabitu ya turo magabata.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Malam Jalo ya riƙe hannun angon. "Ga amana nan, Sabitu. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."