Ƙwan da Ba Shi Ya Haɗa Ba

A wasan dodannin da Tela ke yi a waya, sai ka haɗa mace da namiji kafin ka sami ƙwai, kuma ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa sai ka yi ta tafiya da wayar a hannu. Wannan ƙwan kuwa tsintar sa ya yi cikin ƙwayayensa na wasan, baƙi wuluk, alhali bai haɗa komai ba. Kwaɗayi ya hana shi goge shi.

Da ya rufe shago da daddare, sai ya bi doguwar hanya ta bayan makaranta don takun ya cika. Karnukan unguwa da ke haushi suka yi tsit. Wayar ta ɗau ɗumi kamar cikin kaza.

"Sannu da ɗawainiya, bawan Allah," in ji wata mata a bayansa. Ko takunta bai ji ba.

"Baiwar Allah, lafiya?"

"Lafiya lau. Saura kaɗan, ƙarasa mini."

Ya ja da baya a tsorace, ashe takun da ya rage ke nan. Wani abu ya tsage a tafin hannunsa, ya motsa, da danshinsa. Matar ta miƙo hannu biyu kamar mai karɓar jariri. Hasken wayar ya sauka kan ƙafafunta: yatsu uku-uku, masu zaƙo-zaƙon farata, suna tonon ƙasa.