Lasifikokin da Ba Su da Kara

Rana tana shirin faɗuwa lokacin da Injiniya ya shigo gida rungume da kwali, yana haki yana murmushi. Ba injiniyan komai ba ne, gyaran rediyo yake yi a bakin titi, mutane suka laƙaba masa sunan, shi kuwa bai taɓa musawa ba. Burinsa guda ne a duniya: 'yarsa Auta tana da murya, ya kuma rantse sai an ji ta. Saboda haka ne ya kwashe tarkacen ɗakin ajiya da ke ƙarshen baranda, ya lulluɓe bangon da soso, ya sa bulo da siminti ya toshe 'yar tagar da ke kallon bayan gida, don kada hayaniyar titi ta shiga makirufo. Sun riga sun naɗi waƙa guda. Abin da ya rage masa lasifikokin situdiyo ne da zai saurari aikin da su.

Ya wuni a shagon kayan sauti yana zaɓe. Masu tsadar ya shafa su kawai ya wuce, aljihunsa bai kai can ba. Akwai wasu masu arha, masu ƙyalli, da ke dukan ƙirji da gangarsu, har zuciyarsa ta kwanta da su. Sai mai shagon ya jawo masa wasu tsofaffi guda biyu daga ƙarƙashin kanta, gefen ɗaya ma a kankare.

"Waɗancan na gidan biki ne, ko kuka ka sa musu sai su mayar da shi waƙa," in ji mai shago. "Waɗannan kuwa ba su da kara. Abin da ke cikin aikinka shi za su faɗa maka, ko kana so ko ba ka so."

Su ya ɗauko. Ya girka su a kan tebur daidai tsayin kunnensa, ya kira Auta da uwarta, ya kunna waƙar.

Muryar Auta ta fito tas, har numfashinta ana ji. Amma a ƙarƙashinta akwai wata. Siririyar murya ce ta mace, mai tsufa, tana jan wani dogon kira ba tare da kalma ba, tana hawa tana sauka kamar mai neman wani a daji. A 'yan lasifikokin kunnen da yake aiki da su a da bai taɓa jin ta ba.

Umma ta dafe ƙirji. "Malam, wace ce wannan?"

"Ƙarar waya ce," ya ce, alhali ya san wayoyi kamar yunwar cikinsa, ya kuma san babu wayar da ke kuka haka.

A daidai lokacin aka ji ƙwal a bayan ɗakin, tsakuwa ta bugi bulon da ya toshe tagar. Aka sake jefo wata. Injiniya ya zagaya bai ga kowa ba, sai 'yan tsakuwoyi a gindin bango, da ɗumi a jikinsu.

Mai hankali da a nan zai tsaya. Amma muryar nan ta yi wa waƙar kyau, kyan da ke sa tsigar jiki tashi, Injiniya kuwa ya ji abin da ya daɗe yana nema. Maimakon ya goge ta, sai ya zauna ya ɗago ta, ya share mata ƙura, ya jera ta kafaɗa da kafaɗa da muryar 'yarsa ta zama amshi. Kowace magariba tsakuwa tana sauka a bayan ɗakin, shi yana ciki ya yi kunnen uwar shegu.

Ranar da ya gama haɗa waƙar, Auta ta buɗe baki za ta amsa kiran uwarta, babu abin da ya fito. Aka ce mura ce. Likita ya haska maƙogwaronta ya ce lafiya lau. Gidan ya yi tsit. Yarinyar da ke wanke-wanke da waƙa, take shara da waƙa, ta koma magana da hannu. Da yamma ta yi sai ta tafi ɗakin naɗar murya ta jingina goshinta da inda tagar take a da, tana kankarar soson da farce har yatsunta suka fashe. Tsoro ya kama Umma ƙwarai, ta rame, ta daina yi wa mijinta magana sai ta dole.

Ita ce ta je ta zo da wani malami, dattijo mai sanyin magana da ya saba da irin wannan lalura. Ya iso dab da magariba, ya tarar da Auta a jikin bango. Ya zauna a ƙasa ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Soson ya shanye sautin, ɗakin ya yi nauyi. A waje tsakuwa ta fara sauka. Can sai Auta ta juyo, ta zauna irin zaman tsofaffi, leɓunanta suka soma motsi babu sauti.

"Tana magana, amma ba ta da murya," in ji malamin. Ya dubi Injiniya. "Ina muryar take?"

Injiniya ya matsa jikin tebur. Ya miƙa hannu ya kunna lasifikokin. Bai taɓa kwamfuta ba, amma maganar ta fito daga cikinsu, daidai da motsin bakin 'yarsa.

"Na gaji," in ji tsohuwar muryar.

"Baiwar Allah, wace ce ke, me ya haɗa ki da yarinyar nan?"

"Tun ba a ɗora wa gidan nan rufi ba nake bin tagar nan, ni da jikana. Ban taɓa fasa wa masu gidan ko kofi ba. Jikan nawa ya fita wasa, na zauna jiransa, mutumin nan ya toshe hanya. Ina ciki, yana waje. Shi ne yake jifa, ƙwanƙwasawa yake yi."

"Ga ƙofa, me ya hana ki fita?"

"Ƙofarku taku ce, ba ta cikinta muke bi ba. Na yi ta kiransa ta bango, abin ƙarfen nan ya zuƙe kiran. Mai gidan ya ji, ya san kuka ne, ya ce ya yi daɗi. Ya riƙe muryata, na riƙe ta 'yarsa."

Umma ta dubi mijinta, ya sunkuyar da kai.

"Yarinyar ba ta ɗauki komai naki ba, riƙe ta zalunci ne," in ji malamin. "Za a buɗe miki hanya, a sakar miki murya, ki tafi ba dawowa jikinta. Kin yi alkawari?"

"Na yi. Amma duka, kada a rage ko numfashi."

Injiniya ya ɗauko guduma ya fasa bulon da hannunsa. Iska ta shigo da ƙarar babura da warin hayaƙi. Sannan ya zauna gaban kwamfuta ya goge waƙar. Aka jira. Auta ba ta motsa ba.

"Saura wadda ke aljihunsa," in ji muryar.

"Malam," Umma ta ce wa mijinta a hankali, hawaye na bin fuskarta, "waƙa ko 'yarka?"

Kunya ta rufe shi. Ya zaro wayarsa, inda ya ɓoye kwafi guda, ya dube ta kamar mai sallama da ɗan'uwa, ya goge.

Lasifikokin suka yi shiru. Auta ta miƙe ta kama bakin tagar, dogon kiran nan ya fito daga maƙogwaronta, sau ɗaya. Daga bayan gida wata 'yar ƙaramar murya ta amsa. Wata iska ta fice ta tagar, labulen ƙofa ya ɗaga ya sauka, Auta ta sulale jikin uwarta.

"Umma," ta ce, murya a dashe, "ƙishirwa nake ji."

Ba a sake jifa ba. Da Auta ta murmure suka sake naɗar waƙar da rana tsaka, taga a buɗe. Injiniya ya kunna, lasifikokin suka faɗa masa gaskiya kamar yadda mai shago ya ce: ga hon ɗin motoci, ga janareton maƙwabta, ga muryar 'yarsa ita kaɗai, har da inda take ɗan karkarwa. Ya san ba zai ƙara yin aiki mai kyan wancan ba har ya mutu, abin kuma ya yi masa ciwo.

"Baba, ta yi daɗi?" Auta ta tambaya.

Ya dubi tagar. "Ba ta kai waccan ba. Amma wannan taki ce, sake rera mini ita."

Ta rera. Da rana ta karkata ya kashe komai, suka fito suka bar ɗakin ga masu wucewa ta tagar.