Rijiyar Gidan Sufeto Badaruddeen

Rana ta yi ja a bayan itatuwan darbejiya na Nassarawa GRA, Maryam Nana tana kwashe shanya a bayan gida, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Ta tsaya da zani a hannu tana saurare. Unguwar ba ta yara masu jifa ba ce. Gidaje ne na manya, kowanne da doguwar katanga da maigadi, kuma da magariba ko kukan akuya ba a ji. Dutse na biyu ya faɗo, ya gangaro a hankali, ya sauka kusa da ƙafarta. Ta sunkuya ta taɓa shi, ta ji shi a jiƙe da sanyi, alhali an daɗe rabon garin da ruwan sama.

Ba ta gaya wa kowa ba a ranar, don gidan yana da abin da ya fi jifa nauyi. Ba a daɗe da yin sadakar arba'in ɗin ƙanenta Jibrin ba. Malamin makaranta ne, ya yi aikin zaɓe a Kawaji, aka ce ya ƙi yarda a canja abin da mutane suka kaɗa. Bayan an gama shagalin rantsar da waɗanda suka ci, aka tsinci gawarsa a kwalbati kusa da masana'antun Dakata, an soke shi a wuya. Mijinta, Sufeto Badaruddeen na sashen binciken manyan laifuka, shi aka damƙa wa aikin. Ranar jana'iza ya dafa kanta ya ce ba zai huta ba sai ya kawo wanda ya yi wannan gaban alƙali, kuma ta yarda da shi, don ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba.

Gidan da suke ciki ma ba albashin ɗan sanda ne ya kawo su ba. Tsohon gida ne na zamanin Turawa, mallakar Alhaji Bappa, ƙanen mahaifin Badaruddeen, wanda ya riƙe shi tun yana maraya, yanzu kuma ya zama jigo a siyasar jihar. A ƙarshen lambun gidan akwai tsohuwar rijiya da aka rufe da faifan ƙarfe, ba wanda yake ɗibar ruwanta.

Jifan bai tsaya ba. Kullum idan liman ya tayar da sallar magariba, sai duwatsu su fara sauka, koyaushe a jiƙe. Daga baya aka fara jin murya a kicin, kamar ta tsohuwa tana rarrashin jariri. Idan an kunna fitila sai a tarar ba kowa, sai ruwa a ƙasa da warin laka. Maigadi ya tattara tabarmarsa ya tafi ba sallama. Badaruddeen ya zagaya katanga da tocila da bindiga, ya dawo ya ce 'yan iska ne suke son su tsorata shi saboda binciken.

Abokin aikinsa, Saje Jesse, mutumin Wusasa, yakan biyo shi gida da yamma. Siriri ne, idanunsa kullum ja saboda rashin barci da taba, ba ya dariya sai dai ya murguɗa baki. Tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar, 'yan uwansa Kiristoci da yawa suka koma Zariya, shi kuwa ya ce duk inda Oga yake nan yake. Wata yamma ta kawo musu shayi a baranda, ta ji yana magana ƙasa-ƙasa.

"Oga, ɗan acaɓan nan da muka tsare ba shi ba ne. Mun dake shi har ya daina kuka, bai san komai ba. Kuma kurtun da ya fara isa wurin gawar ya ce mini ya ga wuƙa a cikin kwata. Washegari ya ce bai ga komai ba, jiya kuma na ji an mayar da shi ƙauye."

"Kurtu ne, tsoro ya sa shi gane-gane," in ji Badaruddeen. "Sha shayinka."

Jesse ya ɗaga kai ya gan ta. "Hajiya, ki yi haƙuri da mu. Garin nan babba ne, amma mai kisa ba ya ɓacewa, sai dai a ɓoye shi."

Abin ya koma kan Sakinatu, 'yarsu tilo, wadda take ajin ƙarshe a sakandare. Yarinya ce mai surutu, sai ta yi shiru. Ta daina cin abinci. Wata magariba Maryam Nana ta neme ta a ɗaki ba ta gan ta ba, ta fita lambu, ta same ta durƙushe a bakin rijiya, ta ɗora kunnenta a kan faifan ƙarfen. Da ta kira sunanta, yarinyar ta juyo a hankali. Fuskar ta Sakinatu ce, amma kallon na wata ne, wadda ta daɗe a duniya kuma ba ta da sauran tausayi.

"Yana kuka," in ji ta da murya mai kauri. "Ba kya ji?"

Sai da mutum uku suka taru kafin a shigar da ita ɗaki. Asibiti suka ce ba su ga komai ba. Maryam Nana ta ce a kira mai ruƙiyya, Badaruddeen ya ƙi, ya ce ba zai tara wa kansa 'yan kallo ba. A karon farko tun aurensu ta tsallake maganarsa, ta aika Tudun Murtala aka ɗauko Malam Muhammad Sani, dattijo mai sanyin murya wanda ba ya yanka ba ya duba, Alƙur'ani kawai yake karantawa.

Malam ya iso bayan la'asar. Ya sa aka daka ganyen magarya a ruwa, aka lulluɓe yarinyar da hijabi, uwar ta riƙe kafaɗunta, uban ya zauna a bakin ƙofa. Jesse, da ya zo da wata magana ta ofis, ya tsaya a baranda kusa da taga, ya kashe tabarsa don girmamawa. Malam ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, hasken ɗakin yana raguwa, har inuwar labule ta hau bango. Jikin Sakinatu ya ɗauki rawa, sannan ya sandare, aka ji wani nishi da ba daga ƙirjin yarinya ya fito ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai rijiyar. Ina cikinta tun kafin a dasa itatuwan nan. Mutane da yawa sun zauna a gidan nan, ban taɓa ko ɗaya ba."

"To me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi ba. Ubanta ne. Ya buɗe mini rufi ba sallama ba bismillah, ya jefo ƙarfe mai jinin mutum. Ya faɗo a kan ɗana. Har yau bai tashi ba, kuma jinin ya hana mu zama."

Maryam Nana ta dubi mijinta. Shi kuwa ƙasa yake kallo.

"Malam, ai ka fi ni sani," in ji Badaruddeen. "Aljanu maƙaryata ne."

"Haka ne, suna ƙarya," in ji Malam. "Ba kotun da za ta karɓi shaidarta, ni ma ban karɓa ba." Ya juya ga yarinyar. "Ko da gaskiya kika faɗa, zalunci ne ki kama wadda ba ta ji ba ta gani ba. Ki fita."

"A ba ni ita a madadin ɗana."

Malam ya ci gaba da karatu, ya yayyafa ruwan magarya. Muryar ta yi ƙara mai tsawo, duwatsu suka zubo a kan kwano kamar ƙanƙara, sannan suka tsaya.

"To a yanka mini baƙin bunsuru a bakin rijiya."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah. Ba za ki samu ko ɗigon jini ba."

Daga nesa ladan ya fara kiran magariba. Da muryar ta dawo, ta yi rauni, kamar ta tsohuwar da ta gaji.

"A cire mini ƙarfen. A mayar da rufin, kada a ƙara buɗewa. In an yi haka na tafi, kuma na yi alkawari da sunan wanda kake karanta maganarsa ba zan dawo ba."

Malam ya dubi Badaruddeen. "Wannan ba saɓo a cikinsa. In babu komai a rijiyar, mun kama ta da ƙarya, in ci gaba da karatu har ta fita dole. A samo mai shiga."

"Duhu ya yi," in ji Badaruddeen. "Gobe zan kawo ma'aikata."

"Abban Sakina," Maryam Nana ta ce a hankali, "dubi 'yarka."

Bai duba ba. Sai ta ji motsi a baranda, ta leƙa ta taga, ta ga Jesse yana cire takalmansa, yana naɗe ƙafar wandonsa.

Suka ɗaura igiyar shanya biyu a gindin mangwaro. Ruwan rijiyar bai wuce gwiwa ba. Jesse ya sauka da tocila a baki, Malam yana tsaye a sama yana karanta Ayatul Kursiyyu. Maryam Nana tana jin ƙarar hannunsa yana laluben laka. Da ya fito, jikinsa duk baƙin taɓo, ya ajiye wani ƙunshin leda a kan ciyawa ya warware. Wuƙa ce mai lanƙwasa, ƙotarta ta ƙaho, an naɗe ta da jar fata. Ba sai an gaya mata ba. Ta sha ganinta a hannun Musa, direban Alhaji Bappa, yana fere rake da ita a ƙofar gidan nan, yana tsokanar Sakinatu.

Malam ya sa aka mayar da faifan, ya koma ɗaki. Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, babban yatsan ƙafarta ya karkaɗa, jikinta ya saki. Ta buɗe ido ta ce, "Umma, ƙishirwa nake ji." Muryarta ce.

Bayan ta yi barci, Maryam Nana ta fito lambu. Maza biyun suna nan inda ta bar su, wuƙar a tsakaninsu.

"Ni na fara isa bayan kurtun," Badaruddeen yake cewa, bai san ta fito ba. "Ina ganinta na gane ta. Na je wurin Baffa, ya ce tsorata Jibrin kawai aka aiki Musa ya yi, abin ya zarce. Ya riƙe hannuna yana kuka. Mutumin da ya ciyar da ni, Jesse. Me kake so in yi?"

"Ni ka sa na bi unguwa-unguwa kamar kare," in ji Jesse. "Ka tsaya kana kallo ina dukan yaron da ka san bai yi komai ba."

Sai Badaruddeen ya juyo ya gan ta. Ya matso. "Nana, wanda ya mutu ya riga ya mutu. Ku nake karewa. In Baffa ya faɗi, ina za mu zauna?"

Ta dube shi, tana neman mutumin da ta aura a cikin fuskar nan. Ta tuna yadda yake dawowa gida ya zauna a gefen gado ya ce mata an kusa, an samu sabon haske, ita kuma ta tashi ta ɗumama masa tuwo tana sa masa albarka.

"Kai ka shiga kabari ka karɓi gawarsa," ta ce. "Da hannun nan."

Jesse ya naɗe wuƙar a cikin rigarsa.

"Hajiya, ba zan ruɗe ki ba. Mutanen nan suna da tsawon hannu. Amma yaron da ke tsare zai kwana a gidansu gobe, kuma wannan ba za ta ƙara ɓacewa ba, don ba ta ofishinmu zan bi da ita ba." Ya wuce ta gaban Badaruddeen bai sara masa ba.

Abin da ya biyo baya bai kai abin da take fata ba. An saki ɗan acaɓan, yana ɗingishi. An kama Musa, ya amsa laifinsa shi kaɗai, bai ambaci sunan kowa ba. Alhaji Bappa ya tafi Umara, ya dawo aka tare shi da jerin motoci. Badaruddeen ya ajiye aiki a asirce, aka ce saboda rashin lafiya. Jesse kuwa aka tura shi wani ƙaramin caji ofis a bakin iyaka.

Maryam Nana ta kwashe kayanta ita da Sakinatu suka koma Kawaji, ɗaki biyu a gidan da ta taso. Bayan wani lokaci Badaruddeen ya zo biko, ya yi sallama a zaure, ya rame, gemunsa ya yi fari. Ta fito ta tsaya a bayan labule. Ya yi magana mai tsawo, ya ce ya tuba, ya ce ko Allah ana saɓa masa ya yafe. Ta saurare shi har ya gama.

"In da mai rijiyar ba ta kama Sakina ba," ta ce, "da yaushe za ka gaya mini?"

Ta jira shi har ta tabbata ba shi da amsa, sannan ta ce ya gaida gida, ta koma ciki.