Ludayi Marar Gindi

Ranar da Tetsuro da matarsa Kazue suka sayi ƙaramin jirgin ruwansu mai tafiya da iska a garin Onomichi na bakin teku, tsohon da ya sayar musu ya damƙa wa Kazue wani ludayin katako marar gindi. Ya ce, "'Yata, waɗanda teku ta ci sukan roƙi ludayi su cika jirgi da ruwa. In sun roƙa, wannan za ki ba su."

Kazue ta ƙulle shi a ƙyalle, ta sa mijinta ya yi alkawarin ba zai taɓa shi ba. Amma Tetsuro ba ya ƙaunar ganin fasasshen abu. Ya jefar da shi a ɓoye, ya sa sabo cikin ƙyallen. Abin yana cin ransa, kullum sai ya ce gobe zai faɗa mata.

A daren fitarsu ta farko iska ta ɗauke cak. Kazue tana tsokanarsa: "To, Kyaftin, ko da baki za mu hura shi?" Sai warin laka ya taso. Daga gefen da babu tsibiri wata murya ta fito a hankali, kamar mai magana da ruwa a baki: "Ku ara mana ludayi."

"Kazue, dakata, akwai abin da ban..."

Ta riga ta jefa ƙullin. Ta juyo, ta ce, "Kwantar da hankalinka, maigida. Ai ba ya ɗibar komai."

Sai Tetsuro ya ji ruwa mai sanyi ya zubo masa a ƙafa, ludayi guda cif.